Abin da Biyetnam ta tuna mini

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili. Shekaranjiya a fada, muna shan shayi nan Sabon Gari, gardama ta kaure kan ko ƙasashen da suka zubar da jinin juna za su iya shiryawa, sai na ce su dubi Biyetnam mana. Tsofaffin sojojinmu ma sun san ta, Indoshin suke ce mata, Faransa ta kwashi ƴan Afirka zuwa can kafin ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954.

Bayan Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu da Amurka ta mara wa baya a yaƙi, ta faɗi hannun Biyetnam ta Arewa ranar 30 ga Afrilu 1975 mutane suka dinga gudu cikin ƙananan kwalekwale, wajen 800,000 suka kai gaci a Maleziya da Tailan da Hong Kong da sauransu, da yawa kuma teku ta cinye su ko ƴan fashi suka far musu, Allah sarki, mu da muka ga ƴan gudun hijira a Diffa ba sai an yi mana bayani ba.

To amma a 1994 shugaban Amurka Bill Clinton ya ɗage wa Biyetnam takunkumi, a 1995 ƙasashen biyu suka maido da hulɗar jakadanci, har Sanata John McCain, tsohon sojan Amurka da ya yi shekara biyar da ɗoriya a kurkukun Hanoi ya goyi baya. Ni dai abin da ke cina shi ne, manya sun sha hannu ana ta cinikin waya da takalma, waɗanda ruwa ya ci kuwa ko kabari ba su da shi.

Naku mai karatu kullum,
daga Damagaram