Wasiƙa ga Aminina a kan Ciwon Wuya da Kafaɗa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi.

Na saurari saƙon muryarka, kuma hankalina bai kwanta ba. Ka ce kana ɗaga ƙarfe sama da kai ne ka ji wani abu ya tsinke maka a wuya, washegari zugi ya sauko allon kafaɗa, ya bi dantse har babban yatsa da manuniya, yanzu kuma yatsun sagewa suke yi. Abokan ɗaga ƙarfenka sun ce targaɗe ne, a shafa man zafi a ci gaba. Don Allah kada ka biye musu. Irin wannan ciwon ya taɓa kwantar da ni, na san shi. Ciwon tsoka yana tsayawa inda aka ji shi. Wanda ke tafiya har yatsu yana tsikari, galibi jijiya ce aka danne tun daga wuya.

Ga yadda likita ya fahimtar da ni a Asibitin Ƙashi na Dala. Ƙasusuwan wuya 7 ne, akwai faifan guringuntsi mai taushi a tsakanin yawancinsu, kuma jijiyoyi 8 ne ke fitowa ta kowane ɓangare. Idan nauyi ya matse faifan ya bulluƙo, sai ya taɓa jijiyar da ke kusa. Kamar wayar wuta ce: matsalar tana can jikin falwaya, amma ƙwan ɗaki ne ke farfari. Kowace jijiya da yankinta. Ta 6 ce ke zuwa babban yatsa da manuniya, ta 7 yatsan tsakiya, ta 8 ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Shi ya sa tausar kafaɗar da ake maka ba ta amfana komai.

Ka lura da wani abu. Idan tari ko atishawa na ƙara zugin, ko ka ɗora tafin hannunka a kanka ka ji ya lafa, ka gaya wa likita, alamu ne da suke nema. Ni da dare haka nake kwana, hannu a ka, ɗan tawul naɗe a ƙarƙashin ƙeya, don nan kaɗai barci ke ɗaukata. Kuma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya ko faifai. Idan aka ga buƙata, hoton na'urar MRI ne ke nunawa.

Abin da zai sanyaya maka rai shi ne mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Hutu daga nauyi, magani bisa umarnin likita, da atisayen da ake koyarwa a sashen gashin ƙashi, su ne suka tayar da ni. Amma ka nisanci mai murɗa wuya har ya yi ƙas, ko maɗori ne ko mai tausa. Ina girmama sana'arsu, sai dai laka ce ke bi ta wurin nan. Haka kuma kada ka mayar da diclofenac ko ibuprofen abin sha kullum daga kemis, suna jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Tiramol kuwa, ka san samarin da ya lalata a unguwarmu.

Akwai alamun da ba a jira da su: kofi ya riƙa suɓuce maka, ɓalle maɓallin riga ya gagara, ƙarfin hannu ya riƙa raguwa, ka ji kana tangaɗi a tafiya, ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Ko ɗaya ka gani, ranar nan ka tafi asibiti.

Na san abin da ya fi cin ranka shi ne jikin da ka sha wahalar ginawa zai zube. Zai dawo, in sha Allah. Ni ma na koma ɗagawa, da ƙaramin nauyi na fara, bayan likitan gashin ƙashi ya ba ni izini.

Ka je a duba ka cikin makon nan, ka kira ni in ji abin da aka ce. Hajiya tana gaishe ka, ta ce tana sa ka a addu'a. A gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
amininka daga Kano