A koya wa yara tsarin aji tun makon farko

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana da 'yan uwana malaman firamare na nan Sakkwato, da kuma hukumar SUBEB mai kula da ilimin matakin farko ta jiha.

Ni malama ce, aji uku nake riƙewa, yara 68 ne a rajistata. Shekarata ta farko kullum da disasshiyar murya nake komawa gida, ana tashi daga asambuli sai su rugo aji a guje, wannan na rigima kan wurin zama wancan ya manta fensir, wata na kuka an taka mata takalmi, kafin in gama kiran suna rabin darasin farko ya tafi, bulala kuma wallahi ba abin da ta gyara.

Makarantar allon unguwarmu ce ta buɗe mani ido. Malam guda da almajirai sun fi nawa yawa, amma kowa ya san inda yake zama, ya san lokacin biya karatu da lokacin wanke allo, ya san Alhamis da Juma'a hutu ne. Ba mai faɗa masu kullum, sabo ne kawai.

Shi ne da aka dawo sabon zango na ware sati biyu muna maimaita abu guda. Layi a bakin ƙofa, kowa ya wuce wurinsa, akwai ɗan lissafi na jiransu a allo su fara ni kuma ina kiran suna. In na tafa sau uku sai shiru. Monita da mai goge allo da masu shara duk sati ake canzawa, har yarinyar da ba ta magana ta riƙe, ku ga yadda ta tsaya da dasta a hannu tana jira in gama rubutu. Zuwa bayi kuma na yanka kwali biyu, sai mai kwali a hannu ke fita. Shan ruwa ma benci benci, don a watan Afrilu da zafinmu ke haura digiri 40 in ba ka tsara shi ba randa ce za ta kwashe maka aji.

Hedimasta ya damu da farko wai za mu yi baya a manhaja, gaskiya mun yi bayan, amma kafin jarrabawa mun cimma sauran.

Roƙona, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ta riƙa gwada masu karatun NCE, wato shaidar malanta, kan wannan in sun fita koyon aiki, SUBEB ma ta sa shi cikin bitar malamai. Ku kuma iyaye don Allah ku riƙa turo su da wuri, yaro guda in ya faɗo aji ƙarfe takwas da rabi yana neman wurin zama sai na sake tafawa daga farko.

Wata malamar firamare,
Sakkwato