Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Tallafin Sola Da Ilimin Sauyin Yanayi Da Aka Karɓa Da Sunanmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Mai Girma Hakimi,
Daga dattawa da iyayen yara da malaman makaranta da ƙungiyoyin mata da na matasa na gundumarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya ƙara wa masarauta ɗaukaka. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya irin wadda 'ya'ya suke yi wa ubansu, muna neman afuwa saboda tsawon wannan takarda da nauyin abin da ke cikinta. Mun san gaban Mai Martaba ba wurin kawo ƙaramar magana ba ne, kuma da akwai wata ƙofa da ta rage ba mu ƙwanƙwasa ba, da ba mu kawo kukanmu nan ba.

Ranka ya daɗe, abin da ya faru a makon jiya ne ya tilasta mana rubutu. An aiko mana da sanarwa cewa wakilan gidauniyar nan ta ƙasar waje, wadda ta ba da kuɗin aikin sola da na koyar da yara sauyin yanayi a gundumarmu, za su zo su duba aikin. Ana jibi za su iso, sai ga mota ta sauke batura da inbata a ƙaramin asibitinmu wanda ya shafe watanni cikin duhu. Aka haɗa, fitilu suka kama, firijin ajiye allurar rigakafi ya fara aiki, har aka ɗebo allurai aka cika shi. Mata suka yi ta murna da addu'a, suna zaton an ji kokenmu ne a ƙarshe. Haka kuma aka umarci shugaban makaranta ya tara yara, aka raba musu riguna da kwalaye masu rubutu, aka haddatar da su wasu jimloli na Turanci da za su faɗa idan baƙi sun tambaye su, alhali ba a taɓa koya musu ma'anar ko ɗaya daga ciki ba. Baƙi suka zo, aka zagaya da su, suka ɗauki hotuna, suka yaba, suka tafi. Rana ba ta faɗi ba motar nan ta dawo, yaran ɗan kwangila suka kwance batura da inbata suka loda. Da mai gadi ya tambaye su dalili, sai suka ce masa kayan aro ne, mai su yana jira.

A wannan dare ungozoma ta karɓi haihuwa da hasken wayar hannu, kamar yadda ta saba. Alluran da aka zuba a firiji kuwa, waɗanda yawancinsu dole su zauna cikin sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Selsiyas, sun kwana cikin zafi, kuma da safe ma'aikacin lafiya ya ce ba zai yi wa ɗan kowa allura da su ba. Iyayen da suka ɗauko jarirai suka koma gida haka nan. Allah ya ba Sarki nasara, talaka ya saba da rashi kuma ya iya haƙuri da shi, amma a ari haske a kunna a kanmu domin a yaudari baƙo, a sa 'ya'yanmu a gaba su zama shaidar zur ba tare da sun sani ba, wannan ya wuce abin da za mu haɗiye mu yi shiru.

Mai Martaba zai tuna abin da aka yi mana alkawari ranar da aka ƙaddamar da aikin, domin wakilin fada yana wurin. An ce za a sa sola a asibiti da makaranta da rijiyar burtsatse, za a horar da malamai kan darasin sauyin yanayi a ba su littattafai cikin harshen da yara suke ji, za a koya wa wasu matasanmu gyaran kayan, a kafa wurin renon itatuwa, a kuma raba wa mata murhu mai tsimin itace. Farantan sola an kafa su, suna nan a kan rufi, kuma su ne kaɗai abin da ya tabbata. Masana sun ce faranti mai kyau yana iya yin shekara 25 yana aiki, amma faranti ba ya ajiye wuta, batir ne ke ajiye ta domin dare. Baturan da aka kawo mana irin na dalma ne masu ruwa, waɗanda ko sababbi ne shekaru kaɗan suke yi, zafi kuma yana ƙara rage musu kwana, alhali a wurin taron an ambaci na litiyam masu daɗewa. Wasu daga cikin matasanmu da suka san aikin wuta sun duba su tun farko suka ce da alama an taɓa amfani da su. Ba a bar mana wanda zai riƙa duba ruwansu ba, ba a nuna wa kowa yadda ake goge ƙura daga farantan ba duk da cewa ƙura tana rage wutar da suke samarwa, ba a kuma ware ko kwabo na canjin batir ba. Ba a daɗe ba komai ya tsaya.

Ɓangaren ilimi ma ya fi wannan ban takaici, domin shi ko alamarsa babu. An kira wasu malamai taron yini ɗaya, aka ba su takarda suka sa hannu, aka ɗauki hoto, aka sallame su. Babu littafi, babu manhaja, babu wanda ya sake waiwayarsu. Matasan da aka rubuta sunayensu domin koyon gyara har yau suna jiran kira, wasu sun gaji sun tafi ci-rani. Wurin renon itatuwa allo ne kawai aka kafa, shi ma iska ta kayar da shi.

Ba mu zauna hannu rungume ba. Mun kai wa masu unguwanni, mun kai wa dagaci, mun rubuta wa ƙaramar hukuma, mun aika dattawa ofishin ƙungiyar da aka damƙa wa kuɗin. Wani lokaci a ce oga ya yi tafiya, wani lokaci a ce kashi na biyu na kuɗin bai iso ba, wani lokaci a ce laifin ɗan kwangila ne, shi kuma ɗan kwangila ya ce ba a gama biyansa ba. An yi zama, an kafa kwamiti, an ce mu jira rahoto, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Har an taɓa ce wa dattawanmu kyauta ce aka ba mu, kuma wanda aka ba kyauta ba ya neman lissafi. Da girman Mai Martaba, wannan magana ba ta karɓu a wurinmu ba, domin da sunanmu da adadin 'ya'yanmu da hoton asibitinmu aka nemo kuɗin, kuma dukiyar da aka karɓa da sunan jama'a amana ce.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne irin wannan kuɗi ba ya yawo a titi. Binciken gidauniyar ClimateWorks ya nuna cewa abin da ake kashewa wajen rage ɗumamar yanayi bai kai kashi 2 cikin 100 na dukan kyautar da masu hannu da shuni suke bayarwa a duniya ba. Ana jin manyan alkawura, kamar asusun dala biliyan 10 da attajirin Amurka Jeff Bezos ya ware a 2020 domin yaƙi da sauyin yanayi, ko haɗakar da gidauniyoyin Rockefeller da IKEA da asusun na Bezos suka ƙaddamar a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021 domin samar da makamashi mai tsabta a ƙasashe masu tasowa, amma masu nema sun fi abin yawa nesa ba kusa ba. A Afirka kudu da Sahara kaɗai mutum kusan miliyan 600 ne ba su da wutar lantarki, shi ya sa Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka suka ɗauki aniyar haɗa mutum miliyan 300 da wuta kafin 2030. Su kansu ƙasashe masu arziki da suka yi alkawarin dala biliyan 100 a kowace shekara domin tallafa wa ƙasashe masu tasowa kan sauyin yanayi a taron Copenhagen na 2009, ba su cika shi a 2020 da suka ɗiba ba sai a 2022. Gidauniyar da ta taimake mu ƙarama ce idan aka kwatanta da waɗancan, kuma a cikin wannan cunkoso ne Allah ya sa rabonmu ya faɗo. Idan gaskiya ta fito daga baya ta wata hanya, ba ɗan kwangila za a rubuta ba, sunan gundumarmu da na masarautar Mai Martaba za a rubuta a matsayin wurin da aka zuba kuɗi suka nutse, kuma masu bayarwa suna jin labarin juna.

Wani zai ce a gyara wuta kawai, darasin yara na iya jira. Mu ba mu ga haka ba. Nahiyarmu ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma manomi a nan ya riga ya ga damina ta daina zuwa a kan ƙa'idarta, ruwa ya yi jinkiri, ya ɗauke bayan shuka, sannan ya zo gaba ɗaya ya zama ambaliya. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Yaron da zai gaji wannan gona yana bukatar ya san dalilin canjin, ya iya sauraron hasashen yanayi ya fahimce shi, ya san abin da sare itace yake yi wa ƙasa, ya san kuma cewa hayaƙin girki da mahaifiyarsa take shaƙa yana cikin gurɓatacciyar iskar cikin gida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi ya ɗora wa ƙasashe nauyin ilimantar da jama'a da horar da su kan wannan al'amari, duk da haka binciken UNESCO na 2021 a kan manhajojin ƙasashe 100 ya gano kusan rabinsu ba su ambaci sauyin yanayi ba sam. Wato abin da aka biya domin 'ya'yanmu abu ne da yara da yawa a duniya ba su samu ba, shi ne kuma aka fara cinyewa saboda ba ya fitowa a hoto. Da an horar da matasan nan kamar yadda aka tsara, da ma baturan ba su mutu da wuri haka ba.

Ba mu wanke gidauniyar tas ba, ko da yake muna gode mata. Wakilanta sun zo sun tafi ba su keɓe da ko mutum ɗaya daga cikinmu ba, tafintansu ma'aikacin waɗanda ake dubawa ne, ba su bar wa jama'a lambar da za a kira ba, kuma sun yarda a sayi kaya ba tare da tanadin kula da su ba.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba, cikin ladabi, ya sa a kira shugabannin ƙungiyar da ɗan kwangilar gaban majalisarsa, su zo da takardar yarjejeniya da rasit na duk abin da suka saya, a karanta a gaban wakilanmu, mu ji nawa aka karɓa, nawa aka ware wa wuta, nawa aka ware wa ilimi. Muna roƙon a tilasta musu dawo da batura da inbata asibiti, sababbi irin waɗanda aka rubuta a yarjejeniya, ba na aro ba, kuma wani masani da ba nasu ba ya duba kafin a karɓa. Muna roƙon fada ta rubuta wa gidauniyar kai tsaye da hatiminta, ta bayyana mata cewa abin da wakilanta suka gani shiri ne na yini ɗaya, domin ta ji daga bakin uban ƙasa kafin ta ji daga wani, ta kuma dakatar da duk wani sabon biya har sai an yi lissafi. Sauran kuɗin ilimi, idan da saura, a fito da su a horar da malamai horo na gaske, a buga littattafan, a kira matasan da aka rubuta. Idan kuma babu saura, a faɗa mana inda suka shiga.

Muna kuma roƙo a kare mai gadi da ma'aikacin lafiya da shugaban makaranta, domin tun da maganar nan ta fara fita ake aika musu saƙon cewa su kama bakinsu ko a yi musu canjin wurin aiki. Nan gaba kuma, Ranka ya daɗe, kada a sake karɓar wani tallafi da sunanmu sai an kafa kwamitin jama'a mai mata da matasa a ciki, wanda zai riƙe kwafin yarjejeniya, kuma sai an rubuta ƙarara wanda zai biya kuɗin gyara da canjin batir bayan masu bayarwa sun tafi. Asibitin dai shi ne na gaggawa, muna sake maimaitawa, domin haihuwa ba ta jiran zaman kwamiti.

Ba za mu ɓoye wa Mai Martaba ba, a daren da aka kwashe kayan matasa sun taru za su bi motar, dattawa ne suka tare su da ƙyar, bisa alkawarin cewa za a kawo maganar fada kuma fada za ta yi adalci. A kan wannan alkawari suke zaune har yanzu. Shaidunmu a shirye suke su bayyana duk ranar da aka kira su, tare da hotunan da wasu suka ɗauka lokacin da ake loda baturan a mota.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ƙara masa lafiya da adalci.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
A madadin dattawan gunduma, kwamitin iyaye da malamai, kwamitin kula da asibiti, ƙungiyar mata da ƙungiyar matasa.