Kar a Kori Uwa Daga Karatun Ɗanta

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya tun watan Nuwamban 2025 da ministan ilimi Dakta Tunji Alausa ya ce an soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, wai daga yanzu Turanci ne zalla tun daga nazare har jami'a.

Hujjarsa ita ce wai yankunan da suka fi riƙe harshen gida su suka fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Toh ni dai lissafin nan bai shige ni ba. Tsarin da ya soke a ƙarshen 2022 aka amince da shi, zamanin tsohon ministan ilimi Malam Adamu Adamu namu na Azare, kenan yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin ko firamare bai gama ba ballantana ya zauna WAEC. In kuma tsohon tsarin 1977 ake nufi, wanda ya ce a koyar da harshen gida a shekarun farko, to duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san a takarda kawai ya tsaya, littafin lissafi da na kimiyya duk da Turanci suke zuwa mana, malam ya karanta abin da shi ma da ƙyar yake ganewa, ya fassara sama-sama, yara su kwafe daga allo, a buga ƙararrawa kowa ya kama gabansa.

Kwanaki 'yar maƙwabcina da ke aji uku a wata makarantar kuɗi ta zo nuna min ta iya karatu. Ta buɗe littafin Turanci ta zubo shafi guda tiryan-tiryan ba gargada, uwar tana gefe baki har kunne. Na ɗora yatsa kan wata kalma a tsakiyar layi na ce Ummi mene ne wannan, sai yarinya ta yi tsuru-tsuru, ta koma farkon shafi tana ƙirgawa a hankali har ta iso wurin. Hadda ce ta yi, wallahi sai da tausayi ya kama ni, sabida uban nan bashi yake ci ya biya kuɗin zango.

Ita kuwa uwar, Hausa ba abin da ba ta karantawa, dogon labari take cinyewa a wayarta dare ɗaya, tana zuwa Islamiyyar matan aure, ta iya ajami ta iya boko. Amma in yarinya ta dawo da aikin gida na Turanci sai ta ce jira babanki, shi kuma baban sai bayan isha'i yake dawowa daga kasuwar Wunti a gajiye liƙis, lokacin yarinyar ta daɗe da barci. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Ranar da aka ce Turanci kaɗai, an cire irin waɗannan iyaye mata daga karatun 'ya'yansu, alhali su ne ke tare da yaran yini guda.

Ina ganin muhawarar da ake ta yi a Facebook kan cire yara daga makaranta a koyar da su a gida kamar yadda wasu ke yi a Amurka, musamman tun da korona ta rufe makarantu a 2020, ga tsadar kuɗin makaranta ga fargabar satar ɗalibai. A Jamus ma doka ta hana hakan gaba ɗaya, mu kuma nan dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 cewa ta yi dole yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare. Ni ban goyi bayan a cire yaro ba, gida nawa ne a Bauchi ke da mai ilimi da lokaci da kuɗin da zai iya wannan? Amma masu kawo mana zancen kamar sabon abu su sani koyarwa a cikin gida gadonmu ne, matan malamai sun daɗe suna biya wa yara allo a tsakar gida, Nana Asma'u kuma da ta kafa ƙungiyar ilimantar da mata ta 'Yan Taru, da Hausa da Fulatanci ta isar wa matan karkara da ilimi don ta san da su za su gane. Abin da gidajenmu za su iya shi ne rabin awa bayan magariba, uwa da ɗanta da ɗan littafi cikin harshen da su biyun suke ji.

Kuma ba ƙin Turanci nake ba, kowa na son ɗansa ya ji shi. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin nan a Ife tun 1970, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Yaron da ya gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da kalma a harshensa, ba sai an sake koya masa wannan ba in ya koma Turanci. Na san akwai wuya, yaron Bogoro Sayanci yake ji a gida, na Billiri Tangale, na ruga Fulatanci, samar wa kowa littafi da malami kuɗi ne mai yawa, amma ai wuyar aiki ba ta sa a bar shi.

Mu a jihar nan mun ma ga abin da idonmu. Shirin ilimi na NEI Plus da hukumar tallafi ta Amurka USAID ta ɗauki nauyi a Bauchi da Sakkwato ya kawo littattafan Mu Karanta na aji ɗaya zuwa uku, na ga yara 'yan aji biyu suna haɗa gaɓoɓi irin su “ba” da “ka” da “ta” da kansu suna karanta allon shaguna a kan hanya suna ihu. Yanzu masu tallafin sun tattara sun tafi. Roƙona ga gwamnatin jiha da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha SUBEB shi ne su sake buga littattafan nan da kuɗinmu, a horar da ɗaliban kwalejin ilimi ta Azare yadda ake koyar da su, sannan a umarci hedimastoci su daina kulle su a kabad don tsoron kar su yage, a bar kowane yaro ya tafi da nasa gida.

Na gode Edita, a huta lafiya.

Daga wani tsohon malamin firamare, Bauchi.