Kira ga Masu Gyaran Manyan Na'urorin Sanyi: A Gwada Sensa Kafin a Yanke Mata Hukunci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da abokan sana'ata masu gyaran manyan na'urorin sanyaya gine-gine, da kuma masu otal da asibitoci da manyan kantuna waɗanda ke nemanmu da zarar zafin bazara ya kankama.

A bazarar da ta wuce an kira ni wani otal a nan Kano, na tarar kwamfireso, wato injin da ke matsa gas yana zagayawa da shi cikin na'urar, ya ƙone ƙurmus. Da na buɗe akwatin wayoyi sai na ga wanda ya riga ni aiki a wurin ya ɗaure makunnin da ke kashe inji idan matsin gas ya wuce kima, ya haɗe bakinsa biyu da guntuwar waya, don kawai injin yana yawan tsayawa da tsakar rana, shi kuma ya ɗauka sensar matsi, wato 'yar na'urar da ke auna matsin gas, ce ke yi masa ƙarya. Alhali lafiyarta ƙalau. Ƙurar hunturu ce ta toshe kwandensa, wato ɓangaren da ke fitar da zafi waje, zafi ya rasa mafita, matsi ya yi ta hawa. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin wankin da bai wuce na awa ɗaya ba shi ne ya rikiɗe ya zama asarar inji sukutum.

Gwada sensa ba abu ne mai wuya ba ga wanda ke da geji na auna matsin gas da mita ta auna wuta. Da farko a kashe injin a bar shi ya huta har matsin ɓangaren sama (mai yawan matsi) da na ƙasa (mai ƙarancin matsi) su daidaita, sannan a ɗaura geji a kwatanta abin da ya nuna da abin da allon injin ke nunawa. A wannan hali ya kamata sensar sama da ta ƙasa su ba da lamba kusan ɗaya, lambar kuma ta dace da zafin wurin. Idan zafin ya kai digiri 35, gas ɗin sanyi samfurin R410A yakan tsaya wajen psi 295 a ma'aunin matsi, shi kuwa tsohon R22 wajen psi 182. Idan geji da allo sun yi daidai, to sensa ta fita daga zargi, sai a koma kan fanka da ta rage gudu, ko kwandensa mai datti, ko gas da aka cika fiye da kima, ko iska da ta shiga bututu saboda ba a zuƙe ta da famfo ba kafin a zuba gas.

Idan kuwa sun saɓa, har yanzu bai kamata a ruga kasuwa ba. Yawancin sensocin nan wayoyi uku gare su: ɗaya tana kawo wuta bolt 5, ɗaya ta ƙasa ce, wato ta mayar da wuta, ta uku kuma ita ke mayar wa allo da saƙo, wanda ke tsakanin bolt 0.5 idan babu matsi da bolt 4.5 idan matsin ya kai iyakar abin da sensar ke iya aunawa. Saboda haka bolt 2.5 na nufin rabin ma'auninta. Duk lokacin da mita ta nuna sifiri ko bolt 5 cif a wannan waya, na fi zargin tsinkewar waya ko haɗuwarta da wata, kuma sau da yawa nakan tarar ɓera ne ya ci ta, ko ruwan damina ya sa bakin soket ya yi tsatsa. Idan bolt 5 ɗin ma ba ya zuwa, sau da yawa laifin na allo ne, wanda hawa da saukar wuta tsakanin layin gari da janareta kan illata. Akwai kuma manyan injina masu sensar waya biyu da ke aiki tsakanin miliamfiya 4 zuwa 20, waɗanda ake auna su ta wata hanya dabam, don haka a karanta rubutun da ke jikinta tukuna. Sabuwar da za a saka ma dole ma'auninta ya zama irin na tsohuwar, domin sensar ɓangaren ƙasa ba ta zama a gurbin ta sama ko da bakinta ya ɗauru a wurin.

Ga masu gine-gine kuma, shawarata ita ce kada ku biya kuɗin sabuwar sensa ko na ƙarin gas sai mai gyara ya rubuta muku lambobi uku: abin da geji ya nuna, abin da allo ya nuna, da abin da mita ta auna a wayar saƙo. Ku kuma sa a wanke kwandensa a ƙarshen Fabrairu, kafin zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40.

Wassalam,
Wani mai gyaran na'urorin sanyi, Kano.