Malamai, Mu Faɗa Wa Yara Dalilin Da Ya Sa Sudusi Ba Ya Ƙarewa

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana malaman lissafi, musamman masu koyarwa a ƙaramar sakandare a nan Zariya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke bi ta kan darasin mayar da kaso zuwa desimal kamar ana korar mu. Yaro ya danna 3 raba 8 a kalkuleta ya ga 0.375, ya danna 1 raba 6, wato sudusi, ya ga shida-shida sun jeru har allon ya cika, mu ce masa wannan mai ƙarewa ne, wancan mai maimaituwa, shi ke nan a buga ƙararrawa. Dalilin kuwa bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba.

A kan goma aka gina desimal: kashi goma, kashi ɗari, kashi dubu. In ka farfasa goma zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, 2 da 5 kaɗai za ka samu. Ɗari da dubu ma babu komai a cikinsu sai 2 da 5. Saboda haka lambar da ke ƙasan kason za a duba. Takwas 2×2×2 ce, in an ninka ta sau 125 ta zama dubu, sai 3/8 ya koma 375/1000, magana ta ƙare. Shida kuwa tana ɗauke da 3, ko sau nawa ka ninka ta ba za ta taɓa sauka a kan goma ko ɗari ko dubu ba, don babu ɗayansu da ke rabuwa uku. Haka abin yake in 7 ko 11 ko 13 ta shiga.

Sharaɗi ɗaya ne, a rage kason tukuna. Ɗalibaina kan ga 6/15 su yi caraf su ce ba ya ƙarewa tunda akwai 3 a cikin 15, alhali 2/5 ne, wato 0.4.

Abin da ya sa na damu har na ɗauki alƙalami shi ne, yawancin yaran nan da yamma suna Islamiyya, kuma a can suna jin rabi, rubu'i (1/4), sumuni (1/8), sulusi (1/3), sulusani (2/3) da sudusi (1/6), kason gado guda shida da Alƙur'ani ya ƙayyade. Ukun farko suna tsayawa: 0.5, 0.25, 0.125. Sauran ukun ba sa tsayawa, duk saboda 3. Malaman zaure na cikin birni ba sa bi ta desimal sam, asalin mas'ala suke nema, wato lambar da kowane kaso zai fita daga cikinta cif ba saura, kamar 6 ko 12 ko 24, kuma nasu ne daidai. A ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji, dukiyar naira miliyan 2.4. A raba 24: matar sumuni, kashi 3, naira 300,000, uwar sudusi, kashi 4, naira 400,000, ɗan ya ɗauki ragowar kashi 17. To, yaron da muka yaye da kalkuleta kawai, in ya yanke sudusi a 0.16, uwar 384,000 za ta samu, an tauye mata 16,000. In ya ɗaga shi zuwa 0.17, an ci wa maraya 8,000. Wannan haƙƙin mutane ne, za a tambaye mu.

Zakkar kuɗi ba ta da wannan rigimar, ɗaya cikin arba'in ce, kuma 40 ita ce 2×2×2×5, shi ya sa take fita 0.025 cif. Ku lura, 2 ta zo sau uku, lambobi uku ne bayan ɗigo. Wadda ta fi yawan zuwa tsakanin 2 da 5 ita ke faɗin tsawon desimal ɗin. Iyayenmu da suka yi ciniki da sule kafin naira ta zo a 1973 ma sun huta da wani ɓangare na wannan, don a lokacin sule kwabo goma sha biyu ne, mutum uku kowa kwabo huɗu. Naira mai kwabo ɗari ba ta rabuwa uku.

Roƙona ga abokan aiki, da masu horar da malamai a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, a ware wa wannan darasi guda cikakke. A rubuta 1/2 har zuwa 1/20 a allo, a ajiye kalkuleta a jaka, yara su farfasa lambobin ƙasa su ware masu ƙarewa da kansu. Bakwai za su samu: 2, 4, 5, 8, 10, 16 da 20. Bayan nan su danna su tabbatar.

Wassalam.

Malamin lissafi,
Tudun Wada, Zariya.