Kafin mu kira yaro daƙiƙi, mu duba inda yake zaune

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana malaman firamare, da kuma masu zuwa duba mu da manyan fayil-fayil a hammata.

Shekarata goma sha tara ina riƙe da alli a nan Daura. Bana aji uku aka ba ni, yara 84 a rajista. Cikinsu akwai wata yarinya da aka miƙo mini daga aji biyu da shaidar cewa "ba ta ja". Kullum tana can ƙuryar aji jikin taga, littafinta kamar kaza ta yi tono a kai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in na yi tambaya da baki ita ce kan gaba wajen ɗaga hannu. Lissafi kuwa, yarinyar da ke tallar gyaɗa da yamma ba a taɓa cutarta a canji ba.

Wata rana na lura ba allo take kallo ba, littafin maƙwabciyarta take leƙe, tana kwafa har da kurakuran. Da aka fita tara sai na tsayar da ita, na rubuta manyan haruffa a bayan kwalin sabulu, na riƙa ja da baya. Ban kai taku biyar ba ta fara ƙanƙance ido. Ta ce, "Malama, daga nan baƙi kawai nake gani da ɗan fari-fari." Na ce tun yaushe? Ta ce ai ita ta ɗauka kowa ma haka yake gani.

Shekara biyu tana shan bulala a kan wannan. Ni ma na taɓa ɗaga mata murya, ba zan wanke kaina ba.

Abin da na yi bai ci ko sisi ba. Na dawo da ita benci na gaba, muka sake baƙanta allon da gawayin batir don alli ya fito, na ƙara girman rubutuna, kuma duk abin da na rubuta sai na karanta shi da ƙarfi. Samun tabarau ne ya ɗauki lokaci, don sai da na je gidansu sau biyu kafin mahaifinta ya yarda ya kai ta a auna idon.

Tun daga nan nake tunanin makarantar allo da na yi a zauren unguwarmu. Mu ma muna da yawa, kuma malam ɗaya ne. Amma kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Mai babbaƙu yana gefen mai farfaru, wanda ya kai izu goma yana biya wa na ƙasa da shi, kuma ba ka wanke allo sai karatunka ya zauna. Ban taɓa jin an ce duk makaranta ta koma sura ɗaya ranar Asabar don haka aka tsara ba. A boko kuwa mun ɗauki yara tamanin kamar yaro ɗaya mai ido ɗaya da kunne ɗaya, mu zuba darasi mu wuce. Wanda ya kama ya kama.

Sai na ari dabarar malamin zaure. Rabin sa'ar farko ta kowace safiya na kasa ajin uku: waɗanda ba su gama gane haruffa ba, masu haɗa gaɓa, da masu iya karanta jimla. 'Yan rukunin farko muna zana harafi a ƙasa da tsinke, muna ƙirga da murafun kwalba. Na ukun su ne gardawana, su ke biya wa na tsakiya. Akwai hayaniya, gaskiya, har malamin ajin da ke jikin namu ya taɓa leƙowa ya ce ko suna ake yi. Amma a nan na gano wani yaro da ya zo daga tsangaya yana karanta ajami tiryan-tiryan. Da na rubuta masa "ba, bi, bu" da baƙaƙen da ya sani, na jera na boko a ƙarƙashi, cikin wata guda ya bar rukunin farko. Da wani kuma mai ciwon kunne, wanda ba ya gane magana sai yana kallon bakina. Saboda shi na daina yin bayani ina fuskantar allo. Na kuma hana a bugi bahago don ya riƙe fensir da hagu.

Ba na cewa malamin aji zai iya komai. Yaron da ba ya gani sam yana buƙatar mai koya masa rubutun makafi na Braille, kurma yana buƙatar mai maganar hannu, kuma makarantar makafi da ke Katsina da ta kurame da ke Malumfashi suna aikin da ni ba zan iya ba. Sai dai yawancin yaran da nake magana a kansu ba su kai can ba. Suna tsakiya: mai gani dishi-dishi, mai ji sama-sama, mai sikila da sanyin hunturu ke kwantarwa mako biyu ya dawo an wuce shi, ɗan Fulani da ya zo bai gama kama Hausa ba balle Turanci. Waɗannan a ajinmu suke, kuma a nan za su ci gaba da zama.

A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda mai keken guragu zai shiga. Wa'adin ya cika tun 2024. A makarantarmu har yau abokan wani yaro mai shan inna ne ke ciccibar kekensa su haye da shi dakali.

Roƙona ga Hukumar SUBEB mai kula da ilimin firamare a jiha, da kwalejojin horar da malamai, irin su Isa Kaita ta Dutsin-Ma da ta tarayya da ke Katsina, kaɗan ne. A koya wa kowane ɗalibin NCE, wato mai neman takardar shaidar malanta, yadda zai gwada gani da jin yaro da kwali da tafi a makon farko na zango, a kuma sa ya gwada karantar da aji mai rukuni uku kafin a ba shi takarda. Masu duba makarantu kuma, don Allah in kun zo, bayan kun ƙirga makonnin manhaja da muka cinye, ku ɗauki yaro ɗaya daga bencin baya ku ba shi littafi ya karanta. An taɓa rubuta mini takardar gargaɗi don ina mako na shida alhali takarda ta ce na takwas, ba wanda ya tambayi yara nawa suka iya karatu.

Yarinyar nan yanzu ita ke biya wa 'yan rukuni na biyu. Hannun tabaran ya karye tun kafin hutun Sallah, da zare ta ɗaure shi a kunne.

Wassalam.

Wata malamar aji uku,
Daura, Jihar Katsina.